Waiwaye: Daga Rawar Akwatin Gawa Zuwa Sitikar Waya, Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa a Makka da Jidda

A watan Afrilun 2020 Makka tana kulle. Tun farkon Maris aka dakatar da Umara, aka killace filin ɗawafi, sannan daga ranar 2 ga Afrilu hukuma ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Makka da Madina. Kowa na zaune a gida da waya a hannu. A daidai wannan lokaci ne wani gajeren bidiyo ya mamaye wayoyin duniya: wasu maza 'yan Ghana sanye da baƙar kwat da baƙin tabarau, sun saɓa akwatin gawa a kafaɗa suna taka rawa. Yadda ake amfani da shi ba wuya. Za a nuna mutum yana shirin yin wauta, ko ya hau babur yana ganganci, ko ya tsokani sa, sai a yanke hoton gab da faruwar abin, masu akwati su bayyana da kiɗa. Larabawa suka raɗa masa suna rawar akwatin gawa, kuma babu gidan Bahaushe a unguwannin Shara Mansur ko Misfala na Makka da bidiyon bai shiga ba.

Mutanen nan ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne, sana'arsu ke nan. Shugabansu Benjamin Aidoo mutumin Prampram ne, wani gari a gaɓar teku gabas da Accra. A kudancin Ghana, musamman tsakanin Kiristoci, idan tsoho ya rasu bayan ya cika shekaru, ana ɗaukar jana'izarsa a matsayin bikin rakiya, dangi su yi hayar masu ɗaukar gawa su raka shi da rawa. BBC ta yi rahoto a kansu tun 2017, daga nan aka yanko wani ɓangare na hotunan da suka yaɗu bayan shekara uku. Da cutar korona ta tsananta, 'yan sanda a ƙasashe irin su Peru da Kolombiya sun kwaikwayi rawar a kan titi don su ja hankalin jama'a su zauna a gida. Shi kansa Aidoo bai ɓoye jin daɗinsa ba. Ya fito da abokan aikinsa ya gode wa likitoci, ya gargaɗi mutane su zauna a gida ko kuwa su zo a yi rawa da su. A Afrilun 2022 aka sayar da haƙƙin mallakar bidiyon a intanet a kan kuɗi sama da dala miliyan ɗaya, wani kamfani na Dubai ya saya.

Ƙorafin farko da aka yi a gidajenmu bai shafi launin fata ba. Dattawa cewa suka yi wannan wasa da gawa ne, kuma mutuwa wa'azi ce, ba abin kiɗa ba. Mutumin da ya saba ganin ana shigo da gawa Harami bayan kowace salla, a sallace ta, a wuce da ita maƙabarta cikin hanzari, dole ransa ya sosu. Sai daga baya magana ta biyu ta taso daga bakin matasa, waɗanda suka tashi a makarantun Larabawa suna karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Wasu suka ce wariya ce tsagwaronta, an sake samun baƙar fata an mayar abin dariya. Wasu suka ce sam, ai wanda ake yi wa dariya shi ne wawan da ya faɗo daga babur, masu akwatin kuwa su ne suka fi kowa kwarjini a cikin bidiyon. A wannan gaɓar ina tare da na biyun. Mutanen sun yi ado, sun iya aikinsu, sun san ana ɗaukarsu, sun kuma ci moriyar abin. Amma na farkon ba mafarki suka yi ba, domin abin da suka gani a rubuce ƙarƙashin hoton gaskiya ne, kuma yana da tsohon tarihi.

Irin wannan gardama ta girmi bidiyon. A Amurka, tun daga shekarun 1830 fararen fata ke shafa baƙin toka a fuska su hau dandali suna kwaikwayon bayi, su nuna su a matsayin malalata, masu washe baki ba dalili. Saboda haka a 2017, lokacin da marubuciya Lauren Michele Jackson ta ja hankali a kan yadda fararen fata ke yawan amfani da hotunan baƙaƙe a intanet duk sa'ad da suke son nuna tsiwa ko hayaniya ko zare ido, mutane da yawa sun gane me take nufi. A farkon 2018 aka yi wata rigimar a kan wani jan ɗan tsana na wasan kwamfuta da aka laƙaba wa lafazin Turancin mutanen Yuganda, har dandalin wasannin intanet na Roblox ya hana amfani da shi. Akwai kuma koren kwaɗon nan Pepe, wanda Matt Furie ya zana a 2005 ba da wata manufa ta siyasa ba. Masu aƙidar fifita farar fata suka karɓe shi, har wata ƙungiyar yaƙi da ƙiyayya ta Amurka ta sa shi cikin alamomin ƙiyayya a 2016, amma a 2019 masu zanga-zanga a Hong Kong suka ɗaga shi a matsayin alamar neman 'yanci. Hoto ɗaya ne, ƙasar da ya faɗa ce ta bambanta.

To, wace irin ƙasa hoton baƙin mutum ke faɗowa a kai idan ya iso Hijaz?

Kakanninmu a ƙafa suka zo. Daga Kano ko Katsina a bi ta Barno, a ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, a kai Suwakin a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, har a haifi yara a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, dubban mutane suka ci gaba da hijira gabas. Wasu suka zauna a Sudan tare da ɗansa Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wasu suka ƙarasa ƙasa mai tsarki ba su sake komawa ba. Daga cikinsu aka sami dangin da yau ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi, 'yan ƙasa masu takardu kamar kowa. Daga cikinsu aka sami malamai irin su Shaihu Umar Fallata da ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi. Usama Hausawi ne kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Rayyana Barnawi kuma ita ce mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya, a watan Mayun 2023.

Amma akwai ɗaya rabin tarihin, wanda ba a son faɗa a gaban baƙi. Ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a watan Nuwambar 1962. Kafin nan, a cikin waɗanda aka sayar har da 'ya'yan alhazan Afirka ta Yamma, 'yantattu, da guzuri ya ƙare wa iyayensu ko aka yaudare su a hanya. Akwai tsofaffi a raye da suka ga wannan zamani da idonsu. Shi ya sa kalmar "abd", wato bawa, ba ta mutu ba, "takruni", sunan da ake kiran mutumin Afirka ta Yamma da shi, ma takan fito da wata irin murya da kowa ya san ba sunan asali ake nufi ba, haka "ya khal", wato ya kawu, da ake kiran baƙar fata da ita, idan baƙon da bai san ka ba ya jefe ka da ita a kasuwa. Har alewar cakulan nan da aka daɗe ana sayarwa a Lebanon da maƙwabtanta da sunan "kan bawa", ba a jima sosai da sauya mata suna ba.

Talabijin ya ɗora a kan wannan. A azumin 2018 ɗan wasan barkwanci na Kuwait, Hasan al-Ballam, ya shafa baƙi ya fito a matsayin ɗan Sudan malalaci, aka yi masa ca har ya nemi afuwa. A azumin 2019 'yar wasan Masar Shaima Saif ta yi irin haka a tashar MBC Masr, ta shiga motar haya a matsayin 'yar Sudan tana damun fasinjoji, a daidai lokacin da matasan Sudan ke zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum. 'Yan Sudan suka yi kiran a ƙaurace wa tashar. Sai kuma kisan George Floyd a watan Mayun 2020, wata biyu kacal bayan rawar akwatin ta yaɗu, wanda ya sa baƙaƙen fata na ƙasashen Larabawa suka fara faɗin abin da ke ransu a fili, da Larabci, ba tare da rage murya ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne sitika. WhatsApp ya shigo da ita a ƙarshen 2018, kuma ba a daɗe ba kowa ya koyi yanko fuskar mutum ya rubuta mata magana. Duba wayar kowane yaro a Jidda za ka tarar da su: wani ɗan yaro baƙi ya harare, wani tsoho ba haƙora yana dariya, wani ya zare ido. A ƙasa an rubuta gurɓataccen Larabci, irin wanda ake kwaikwayon mai shara ko 'yar aiki da shi, ko a ɗora "ya zol", yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, don a ce ɗan Sudan ne mai barci. Wani ɗan yayata, haifaffen Makka, ya taɓa turo irin wannan a zauren danginmu na WhatsApp. Gwaggonsa ta kira shi ta ce, "Kai, ɗan wa ne wannan yaron?" Ya ce, "Gwaggo, ai ba wanda ya san shi, wasa ne kawai, abokaina Larabawa ma da ita muke hira." Ta ce, "To da uwarsa ta gani fa? Kuma in sun tura maka, kai suke gani ko shi?" Yaron ya yi shiru, sannan ya ce shi bai taɓa jin haushi ba. Na yarda da shi. Yaro ne da ya girma yana jin irin wannan tun yana firamare, har ya daina lura.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce niyya: ban yi nufin cin mutunci ba, wasa nake. Mu Hausawa ba baƙin wasa ba ne, mun san barkwancin Fulani da Barebari, na Katsinawa da Nufawa, na Kanawa da Zazzagawa, na taubasai a cikin gida. Amma wannan wasan yana da sharaɗi wanda kowa ya sani ko ba a faɗa ba: wanda ka tsokana yana da ikon ramawa nan take, a gaban jama'a, kowa ya yi dariya a tashi. Babarbare yakan kira Bafillace bawansa, Bafillace ya mayar masa, babu wanda zai rasa aikinsa ko igamarsa, wato takardar izinin zama. Matar da ke aikatau a gidan wani, fasfonta a hannun kafili, wato wanda ya tsaya mata a takardun zama, ba ta da bakin rama sitikar da 'ya'yan gidan ke turawa da lafazinta. Yaron da aka ɗauki hotonsa a wani ƙauye bai ma san fuskarsa tana yawo ba. A nan nake raba rawar 'yan Ghana da sauran. Su sun shigo wasan da ƙafarsu, suna kuma da bakin magana. Da zarar an rubuta "abid", wato bayi, a ƙarƙashin bidiyonsu, ko aka tura wa baƙin ɗalibi shi kaɗai a cikin aji, ya zama wani abu dabam, ko da mai turawar ya rantse da Alƙur'ani cewa wasa yake.

Mu ma akwai gyara a gidanmu. Bakin da ke kukan an kira shi takruni shi ne yake tura hoton ɗan Habasha ko ɗan Bangaladash yana ƙyaƙyata dariya. A wajen neman aure har yau ana tambaya ko yarinya fara ce, man bilicin kuma yana cikin tsarabar da aka fi nema a kai gida Najeriya da Nijar. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da miyagun laƙubba, ba ta ware wa kowace ƙabila izini ba. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tambaye shi niyyarsa ba, ce masa ya yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi.

Ta fuskar doka akwai abin riƙewa. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya ɓata sunan wani ta hanyar na'ura, ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. A 2013 Nawal Hausawi, 'yar Makka, ta kai ƙara bayan an kira ta baiwa a wajen bikin ranar ƙasa, sannan ta yafe da aka ba ta haƙuri, labarinta kuma ya ƙarfafa wa mutane da yawa gwiwa. Sai dai ita 'yar ƙasa ce mai ilimi. Tsohuwar da ke tallar goro ko ƙosai ba igama, wadda wani matashi ya ɗauka a ɓoye ya mayar sitika, ba za ta doshi ofishin askarawa ba, domin ta san daga can sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, sai jirgi. Waɗanda aka fi ɗauka hoto su ne waɗanda ba su da halin kai ƙara.

Tun da aka rushe Karantina da Sabil da Gulail da wasu tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, dangi da maƙwabta suka warwatsu, wasu can bayan gari, wasu sun koma gida. Zumuncin da ake yi a ƙofar gida yanzu ya koma waya, can ake sanar da haihuwa da rasuwa, can yara ke jin Hausar iyayensu. A zauren danginmu an tsayar da cewa duk sitikar da ke ɗauke da fuskar yaron da ba a san iyayensa ba, ko ta mai tallar da aka ɗauka ba da saninta ba, za a goge ta. Rawar 'yan Ghana an bar ta ga matasa, in ban da ranar da aka yi rasuwa. A kan waɗanda ke kwaikwayon lafazin 'yan Sudan kuwa ba a daidaita ba tukuna, domin surukinmu ɗan Gadarif ne ta Sudan, kuma shi ya fi kowa tura su.