Hasashe, da kayan da aka ɗora masa waɗanda ba nasa ba

Da zarar Disamba ta raba, ko zaɓe ya ƙarato, sai kalmar hasashe ta cika shafukan labarai na Hausa. Wani malamin coci ya yi hasashen wanda zai ci zaɓe, wani ya yi hasashen rasuwar babban sarki, wani ya hasaso juyin mulki a ƙasar da bai ambaci sunanta ba. Kana gangarawa ƙasa kaɗan sai ka tarar hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ita ma ta yi hasashen damina. Kalma ɗaya aka ba abubuwa biyu da ko hanya ba ta haɗa su ba.

Hasashe aikin hankali ne. Mutum ya dubi abin da ke gabansa, ya gwada shi da abin da ya saba gani, ya ce ga inda lamarin ya dosa. Dillalin hatsi a Dawanau da ya lura da yawan motocin masara da suka sauke kaya cikin mako, ya ce buhu zai sauka, hasashe ya yi, in ka nemi dalili zai nuna maka motocin. NiMet takan fitar da nata a farkon shekara, ta faɗi lokacin da take sa ran ruwan shuka a kowace jiha, da tsawon damina, da inda ruwa zai iya ɗaukewa a tsakiya. Madogararta ma'aunin ruwan shekarun baya ne da yanayin ɗumin teku. In damina ta saɓa, kowa na iya ɗauko takardar ya ce ga inda aka kuskure. Abin da ke mai da magana hasashe ke nan: dalilinta a fili yake, tana da wuri da lokaci, mai ita kuma ya yarda tun farko tana iya faɗuwa.

Wanda ya tsaya gaban dubban mutane a coci daren 31 ga Disamba bai ce ya auna komai ba. Cewa yake Ubangiji ya nuna masa. Kiristocin da ke ibada da Hausa suna da sunan wannan tun tuni: annabci, mai yinsa kuma annabi. A Littafi Mai Tsarki, Wasiƙar Afisawa 4:11 ta lissafa annabawa tare da manzanni da masu bishara da makiyaya da masu koyarwa, a kanta ne cocin Fentikos da masu fararen riguna suke kafa hujjar cewa baiwar tana nan har yau. To me ya sa editocinmu ke gudun kalmar? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Akasarin masu karatunsu Musulmi ne, a wurin Musulmi kuwa annabta ta rufe da Annabi Muhammadu (SAW), kamar yadda aya ta 40 a Suratul Ahzab ta faɗa. Kano ba ta manta da Disambar 1980 ba, lokacin da rikicin Maitatsine ya ci rayuka 4,177 a ƙididdigar hukuma, an kuma ruwaito cewa jagoransa Muhammadu Marwa ya yi da'awar annabta. Editan da ya rubuta "annabi wane ya ce" a kanun labari ya san abin da zai tarar a wurin sharhi. Sai ya lallaɓa ya fake da hasashe.

Uzurin karɓaɓɓe ne, amma kowa ya cutu. An rage wa mai maganar da'awarsa, shi da ya ce daga sama aka ba shi an mai da shi mai sharhin siyasa. Mai karatu kuma an ba shi maganar cikin rigar da ta fi ƙarfinta, sai ya ɗauka akwai wani lissafi a bayanta. Mafi muni, an sauke wa mutumin nauyin da ya ɗaukar wa kansa. Mai hasashe in ya faɗi, kuskure ya yi. Wanda ya ce Allah ne ya gaya masa, abin bai faru ba, ai maganar ta wuce kuskure.

Dubi marigayi T.B. Joshua na cocin Synagogue da ke Ikotun a Legas. Ranar Lahadi 6 ga Nuwamba 2016, saura kwana biyu zaɓen Amurka, ya shaida wa mabiyansa cewa an nuna masa sabon shugaban ƙasar, nasarar da ƙyar za ta zo, kuma mace ya gani. Mace ɗaya ce ke da damar ci a takarar, Hillary Clinton. Donald Trump ya ci. Rubutun ya ɓace daga shafinsa na Facebook, daga baya kuma bayani ya fito: wai ƙuri'un jama'a ake nufi. Gaskiya ne Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 2.9, sai dai Amurka ba da wannan take naɗa shugaba ba, da wakilan jihohi take yi, a nan kuwa Trump ya samu 304, ita 227. Maganar farko "sabon shugaba" ta ce, ba "wadda ta fi ƙuri'a" ba. A 2020 ma haka: ya ce korona za ta kau ranar 27 ga Maris. Ranar 30 ga watan aka kulle Legas da Abuja. Sai fassara ta biyo baya, wai Wuhan ake nufi, inda cutar ta faro. Lura da inda aka yi gyaran a duka biyun. Ba a taɓa maganar ba, ma'anarta aka ɗaga aka kai inda sakamakon ya sauka. NiMet ba ta da wannan gatan. Ba za ta ce ruwa zai sauka a Katsina ba, in bai sauka ba ta ce ai Kalaba take nufi.

Shi ma Joshua da ya faɗi rana da jinsi ya yi ƙoƙari. Gwanayen harkar ba sa shiga irin wannan tarko. Jerin sabuwar shekara yakan zo da abubuwa birjik: gobara a babbar kasuwa, rasuwar wani dattijon ƙasa, hatsarin jirgin ruwa, saɓani tsakanin wani gwamna da ubangidansa. Wace shekara ce ta taɓa wucewa a Najeriya ba tare da waɗannan ba? Jifa ne a kasuwa, ba ya rasa kan da zai faɗa. Wanda ya dace sai a yanko bidiyonsa na daƙiƙa talatin a liƙa masa kwanan wata, sauran kuwa babu mai komawa ya ƙirga. A zaɓe abin ya fi sauƙi. 'Yan takara 18 ne suka tsaya neman shugabancin ƙasa a 2023, amma uku ne ke da damar gaske: Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1. In masu annabci talatin suka rarrabu a kan mutum ukun nan da ka kawai, wajen goma za su wayi gari suna cewa "ba na faɗa ba?" Ko Fada Ejike Mbaka na Inugu, wanda ake yawan kafa hujja da shi saboda ya ce Hope Uzodinma zai zama gwamnan Imo, kuma Kotun Ƙoli ta ba shi kujerar ranar 14 ga Janairu 2020, ya yi maganar ne shari'ar tana gaban kotun.

Sai ƙofar baya da ake barin ta a buɗe: "sai dai in an yi addu'a". Abu ya faru, annabci ya cika. Bai faru ba, addu'a ta yi aiki. Ana jingina wannan da Annabi Yunusa da mutanen Nineba, waɗanda aka ba kwana 40 suka tuba aka ɗauke musu azaba. Amma Littafi Mai Tsarkin da ya kawo wannan labari shi ne ya aje ma'auni a Maimaitawar Shari'a 18:22: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai auku ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. A 1 Korantiyawa 14:29 kuma an ce biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. Aunawar nan ce jaridu suka yafe.

Kada Musulmi ya karanta wannan yana murmushi. Namu 'yan siyasar ma suna da masu gano musu, sunan ne kawai ya bambanta. "Malam ya yi istihara, ya ga kujerar taka ce." Istihara raka'a biyu ce ta nafila da addu'ar da Jabir ya ruwaito, tana cikin Bukhari, a cikinta bawa da bakinsa yake cewa Allah ne ya sani shi bai sani ba. Neman zaɓi ne ga mai shirin yin abu, babu sharaɗin mafarki a hadisin, balle sanar da sakamakon zaɓe. Abin da ake sayarwa da sunanta sau da yawa duba ne. A bugun ƙasa ana ɗiga layuka 16 a kan yashi, a riƙa cire ɗigo biyu-biyu har ya rage ɗaya ko biyu a kowane layi, a haɗa layi huɗu-huɗu su ba da uwaye huɗu, daga su a fitar da sauran gidajen. Yana da ƙa'ida, amma babu abin da ya haɗa ɗigon yashi da rumfar zaɓe, don haka shi ma bai cancanci sunan hasashe ba. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Wani hadisin ya bayyana yadda kasuwar ke ci: gaskiya ɗaya ake cakuɗawa da ƙarya ɗari, mutane su riƙe ɗayar.

Gyaran a ɗakin labarai bai kai a yi masa taro ba. A rubuta "ya yi iƙirarin Allah ya nuna masa", ko "ya ce an yi masa wahayi". Ba a kira shi annabi ba, ba a kuma ara masa mutuncin mai lissafi ba. In an ƙara layi biyu kan abin da ya faɗa bara da yadda ta kaya, an gama wa mai karatu komai.

A Gana lamarin ya wuce batun kalma. Daren 31 ga Disamba 2018 Fasto Isaac Owusu Bempah ya sa Babban Limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, cikin waɗanda ya ce za su iya rasuwa a 2019. Matasa suka far wa wani reshen cocinsa a Akara, Shehin ya kwantar da su ya kuma karɓi faston a gidansa. A Afrilun shekarar aka yi bikin cikarsa shekara 100. A ƙarshen Disamba 2021 rundunar 'yan sandan Gana ta yi gargaɗi cewa annabcin mutuwa ko bala'i da ke jefa jama'a cikin firgici ba tare da hujja ba laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. Da daren ya zo, wani fasto mai suna Nigel Gaisie ya karanto jerin nasa kamar yadda ya saba, sai dai ya ce ba a Gana abubuwan za su faru ba, a wata ƙagaggiyar ƙasa ce mai suna Umuofia.