Makarantun Firamare na Cocin Ingila

Makarantun firamare na Cocin Ingila makarantu ne da gwamnatin ƙasar ke ɗaukar nauyinsu, amma tushensu da tarbiyyarsu na ɗarikar Angilika ne. Ba a biyan kuɗin makaranta a cikinsu, kuma yawancinsu na karɓar yaran unguwa ko da iyayensu ba Kirista ba ne. Kimanin ɗaya cikin huɗu na makarantun firamaren Ingila na cocin ne. Idan aka haɗa da na sakandare, adadinsu ya kai wajen 4,600, da ɗalibai kusan miliyan ɗaya.

Tarihi

Tun kafin gwamnati ta sa hannu a harkar ilimi, coci ne ke koya wa 'ya'yan talakawa karatu a Ingila. Ƙungiyar SPCK mai yaɗa ilimin Kirista, wadda aka kafa a 1698, ta tallafa wa makarantun sadaka, sannan wajejen 1780 Robert Raikes ya yaɗa makarantun ranar Lahadi daga garin Gloucester saboda yaran da ke aiki sauran ranakun mako.

Babban sauyin ya zo a watan Oktoba na 1811, lokacin da wani attajiri mai suna Joshua Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar ilimi ta cocin mai suna National Society. Burinsu shi ne kowace gundumar coci a Ingila da Wales ta sami makaranta, inda ɗan talaka zai koyi karatu da rubutu da lissafi tare da koyarwar cocin. Ba su da malamai isassu, don haka suka ɗauki tsarin Andrew Bell, wani limamin coci da ya yi aiki a Madras ta Indiya: malami ɗaya ya koya wa manyan yara, su kuma su koya wa ƙanana. Da wannan dabarar malami guda kan riƙe ɗaruruwan yara a zaure ɗaya. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 makarantun ƙungiyar sun haura 10,000, kodayake majiyoyi sun saɓa a kan ainihin adadin.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. Kiristocin da ba sa bin Cocin Ingila, irin su 'yan ɗarikun Baftis da Kwaka (Quaker), sun mara wa tsarin Joseph Lancaster baya, wanda ke koyar da Littafi Mai Tsarki ba tare da aƙidar wata ɗarika ba. A 1833 majalisar dokoki ta ware fam 20,000 don gina makarantu, kuma ta hannun waɗannan ɓangarori biyu kuɗin ya bi. Dokar ilimi ta 1870 ta kafa makarantun hukuma a inda na coci ba su wadatar ba, ta hana koyar da aƙidar ɗarika a cikinsu, ta kuma bai wa iyaye 'yancin cire ɗansu daga darasin addini. Da dokar 1902 ta ba da damar a kashe harajin gari a kan makarantun coci, rikici ya tashi sosai. Dubban mutane ƙarƙashin jagorancin limamin Baftis John Clifford suka ƙi biyan harajin, aka ƙwace kayan wasu, aka ɗaure wasu.

Tsarin da ake kai yau ya samo asali ne daga dokar 1944, wadda ministan ilimi R. A. Butler ya tsara bayan doguwar tattaunawa da Akbishop William Temple. A lokacin gine-ginen makarantun coci da yawa sun tsufa, cocin kuma ba shi da ƙarfin gyara su. Sai aka ba kowace makaranta zaɓi biyu. Wadda za ta iya biyan wani kaso na kuɗin gini ta ci gaba da riƙe ikonta. Wadda ba za ta iya ba ta miƙa ragama ga ƙaramar hukuma, ta riƙe sunanta da sujadarta.

Tsarin gudanarwa

A rukunin farko, wato makarantun da suka riƙe ikonsu, wakilan coci ne ke da rinjaye a hukumar gudanarwa. Su ke ɗaukar malamai, su ke tsara ƙa'idar karɓar ɗalibai, kuma a yau suna biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gine-gine, wanda a 1944 rabi ne. A rukuni na biyu ƙaramar hukuma ce ke yin waɗannan, wakilan coci kuma tsiraru ne. Daga 2010 makarantu da dama sun koma tsarin akadami, inda kuɗi ke zuwa kai tsaye daga gwamnatin tsakiya.

Ɗabi'u da tarbiyya

A 2016 cocin ya fitar da manufarsa ta ilimi, ya ɗora ta a kan Yohanna 10:10, inda Yesu ya ce ya zo ne domin mutane su sami rai a yalwace. Manufar ta tsaya a kan abubuwa huɗu: hikima da sani, bege, zaman tare, da mutunci. Abin da ake nufi shi ne makaranta ta kasance ta Kirista har zuciya, amma amfaninta ya kai ga kowa a unguwa, kamar yadda waɗanda suka kafa National Society a 1811 suka yi niyya.

A aikace kowace makaranta kan zaɓi aya ɗaya da wasu 'yan ɗabi'u, kamar gafara, tausayi, godiya, jimiri, adalci da riƙon amana. Akan rubuta su a bango, amma inda ake gane ko sun kama ƙasa shi ne wajen horo. Idan yara biyu suka yi faɗa a filin wasa, makarantar da ta ɗauki gafara da gaske kan zaunar da su, mai laifi ya amsa laifinsa, a yafe masa, washegari kuma ba a sake tayar da maganar. Haka nan akan duba yadda ake tafiyar da yaro mai buƙata ta musamman, da wanda iyayensa 'yan gudun hijira ne, da wanda ya yi rashin uwa ko uba. Misalan da Yesu ya bayar, irin na Basamariye mai kirki da na ɓatacciyar tunkiya, su ne malamai suka fi jawowa a irin waɗannan lokuta.

Sujada da darasin addini

Doka ta wajabta sujadar haɗin gwiwa kullum a duk makarantun gwamnati na Ingila, amma a na coci ne aka fi kiyaye ta. Akan kunna kyandir, a rera waƙar yabo, a karanta labari daga Littafi Mai Tsarki, a yi shiru na ɗan lokaci, a rufe da addu'a. Ƙa'idar cocin ita ce a gayyaci yaro, kada a tilasta masa: wanda ya yarda da addu'ar ya ce amin, wanda bai yarda ba ya saurara cikin natsuwa. Limamin gunduma kan zo ya jagoranci taron lokaci-lokaci, kuma a Kirsimeti da Ista da bikin godiyar kaka akan tafi cocin da ɗalibai. A darasin addini Kiristanci ke ɗaukar aƙalla rabin lokaci, sauran kuma a koyar da Musulunci da Yahudanci da wasu addinai. A birane irin su Bradford da Birmingham akwai makarantun cocin da mafi yawan ɗalibansu Musulmi ne.

Dubawa

Ban da hukumar Ofsted da ke duba karatu, akwai dubawa ta musamman da ake kira SIAMS, wadda ke auna ko manufar Kiristanci ta makaranta na tasiri a rayuwar yara da ma'aikata. An sabunta tsarinta a 2023.

Saɓani

Ƙungiyoyin da ke son a raba addini da harkokin gwamnati, irin su Humanists UK da National Secular Society, na adawa da fifita 'ya'yan masu zuwa coci wajen karɓar ɗalibai, da kuma wajabcin sujada, musamman a ƙauyukan da makarantar coci ce kaɗai. Suna kafa hujja da ƙidayar 2021, wadda ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka kira kansu Kirista. Cocin na amsawa da cewa yawancin makarantunsa na firamare ba sa tambayar addinin iyaye, kuma 'yancin cire yaro daga sujada yana nan a doka.