Fayil ɗin jijiyar haƙori: sau nawa za a maimaita shi?

Duk ɗalibin da ya zo koyon aikin haƙori sai ya yi mini waɗannan tambayoyi kan fayil, wato siririn ƙarfen da ake share ramin jijiyar haƙori da shi. Ga amsa, a bar ni in huta.

Otokilef, na'urar tsabtace kayan aiki da tururi, yana mayar da fayil sabo?

A'a. Tururi mai zafin digiri 134 ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya warkar da gajiyar ƙarfe.

To sau nawa zan yi amfani da shi?

Kowa lamba yake so, ni kuwa ba na ba da lamba. Fayil ɗin nikel da taitaniyam, wanda ya shigo aikin nan tun 1988, hanya biyu yake karyewa. Ko bakinsa ya maƙale injin na ci gaba da juyawa har ya murɗe, ko kuma ya yi ta juyi cikin lanƙwasasshen rami, gefe ɗaya na miƙewa ɗaya na matsewa, har ya tsinke kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa. Saboda haka ramuka za ku ƙirga, ba marasa lafiya ba. Haƙorin gaba rami ɗaya ne, galibi miƙaƙƙe. Turmi kuwa uku ko huɗu, wani a karkace, wani ya tsuke. Fayil ɗin da ya sha wuya a turmi ɗaya, ni dai yar da shi nake yi. Wanda ya bi miƙaƙƙun ramuka yana iya ƙarawa, in kamfanin bai hana ba, in kuma kuna rubuta kowane amfani. Mai kauri ya fi saurin gajiya a lanƙwasa, siriri ya fi saurin murɗewa. Na san da tsada, amma ku ƙiyasta wahalar ciro guntu daga ƙasan saiwa.

Na duba fayil ɗin, ban ga wata alamar lalacewa ba.

Da wane ido? Na ƙarfen da ba ya tsatsa yakan warware ya yi muku gargaɗi. Na nikel sau da yawa shiru yake yi.

Ya karye a bakin mara lafiya. Haƙorin ya tafi ke nan?

Kwantar da hankali. Sau da yawa ana cirowa, ko a ratsa ta gefensa, ko a bar shi ana bibiya. Amma ku gaya wa mai haƙorin, ku ɗauki hoto, ku rubuta. Ɓoyewar ce abin kunya.

Gaskiya ne a Ingila sau ɗaya ake amfani da shi?

E, haka aka ba da umarni a 2007, don tsoron cutar ƙwaƙwalwa mai alaƙa da haukan shanu, wadda sinadarinta ke jure otokilef, amma daga baya an yarda a maimaita shi ga mara lafiya ɗaya kawai.

Zoben da ke gindin fayil samfurin WaveOne ya kumbura bayan otokilef, in yanke shi?

Kada ku kuskura. Da gangan aka yi shi haka, don kada fayil ɗin ya sake shiga inji.