Masu tambayar wace shekarar mota ta fi ƙarko, ga amsa sau ɗaya

Tambayoyin nan dai su ne kullum, a garaji, a wajen biki, har da tsakar dare a waya. To ga su na tattara, wanda ya sake turo min ɗaya daga ciki nan zan maido shi.

Wadda ta fi sabunta ai ita ta fi ƙarko ko?

A'a. Shekarar da kamfani ya canza jiki ko ya kawo sabon inji ita ce ta fi yawan matsala, sai an yi shekara biyu uku ana gyara kurakurai. Gara ta ƙarshen zubi da ta farkon sabon zubi.

Dillali ya ce 2010 ce, in yarda?

Ka yarda da dillali? Duba lambar shasi, guda 17 ce. In motar Amurka ce, ta goma ita ce shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, haka dai. Na Turai ba duka ke bin wannan ba, sai ka duba takardu da tambarin jikin ƙofa. Fitila da bamba ana canza su a wuni guda, tsohuwa ta yi kama da sabuwa.

Ina da kuɗin Camry, in ɗau 2005, 2008 ko in ƙara in ɗau 2010?

To nan ne maganar take, kuma ba zan ce maka ga ɗaya kawai ba. Ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistan, har Toyota da kanta ta amsa ta tsawaita garanti a Amurka, kuma dashbod ɗinta na narkewa ya yi danƙo a rana, ka kwatanta da zafin Maradi a watan Afrilu. A 2010 aka sa mata inji 2.5, wannan ya fi kwanciyar hankali, in aljihu zai ɗauka ni can na fi karkata. Amma fa ba kowace 2008 ke sha ba, akwai waɗanda aka riga aka sauya wa ringi tun can, akwai kuma 2010 da ta sha wuya a hannun wanda bai san bidanji ba, wadda in ka saye ta ka sayi rigima. Ita kuwa 2005, tsohuwa ce amma ba makaniken da bai san cikinta ba, kayanta in babu nan akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai injinta ba ya son zafi, in ya taɓa tafasa zaren kusoshin kan inji na iya sakewa, ruwa ya dinga zurarewa ta baya. Saboda haka ya danganta. In zirga-zirgar cikin gari ce da kai yara lakwal, kuma kai mai duba mai ne duk mako, 2008 mai sauƙin kuɗi ba laifi. In kullum kana hanyar Yamai ko Damagaram ne, kar ka ɗauki mai shan mai, ranar da ka manta injin ya tafi. Kuma duk wadda za ka gani, ka je da sassafe a tashe ta a gabanka tana sanyi, ka tsaya bayan salansa, shuɗin hayaƙi in ya fito ka yi musu sallama.

Kilomitarta kaɗan ce fa, Alhaji.

Ana maido da ita baya. Dubi sitiyari da feda da kujerar direba.

Honda fa? RAV4 fa?

Accord 1998 zuwa 2002 otomatik, giyarta ce ciwonta, haka 2003 mai V6. RAV4 2001 zuwa 2003 kwamfutarta ke rikita giya har ta kashe ta, ta 2006 zuwa 2008 mai 2.4 kuma injin Camry ɗin nan ne mai shan mai. Corolla ma da kuke rantsuwa da ita, ta 1998 zuwa 2002 tana sha. Sunan kamfani ba laya ba ne.

Avensis ɗin da ke shigowa daga Turai?

Tambayi injin, ba shekara kaɗai ba. Mai 2.0 D-4, wato injin fetur mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, ba ta jure gurɓataccen mai, kai kuma na san na kwalba kake zubawa a bakin hanya, kar ka musa. Nemi 1.8 ta bayan 2005.

Na riga na sayi 2008 ɗin, na shiga uku ke nan?

Haba ɗan uwa, kwantar da hankalinka, mutane nawa ke hawanta lafiya lau. Ka riƙa zaro sandar mai duk mako kafin ka tashe ta, ka ajiye lita ɗaya a but, bidanji a kan lokaci da mai na kirki. In shan ya yi yawa a sauya ringi, ba sai an sayi wani inji ba.