Ɗaure ƙafa bayan saran maciji ba ya tsare dafi

Da yawa daga masu hawan duwatsun Tula da masu yawo a gefen madatsar Dadin Kowa, a jihar Gombe, na tafiya da igiya a jaka, wai in maciji ya sari mutum a ɗaure tamau, a tsaga, a tsotse. Tsohon kuskure ne.

Kububuwa ce ta fi saran mutane a yankin nan. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa tsagar reza sai ta yi ta zuba ba tsayawa. Ɗaurin kuwa toshe jini yake, nama ya mutu, wani lokaci har a yanke ƙafar. Tsotsa ba ta amfana komai.

A cire zobe da takalmi kafin kumburi. A haɗa ƙafar da sanda a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kar ya taka. Ban da asfirin, yana ƙara zubar jini. A nufi asibitin saran maciji na Kaltungo, inda ake zuba jininsa a kwalba a jira minti 20. In bai daskare ba, a ba shi maganin dafi ta jijiya.