Gaskiya da tsari a shirye-shiryen talabijin na sayen gida da gyaransa: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka buɗe tashar HGTV a Amurka a ƙarshen shekarar 1994, shirye-shiryen da ke nuna yadda ake neman gida a saya, ko yadda ake mayar da tsohon gida sabo, suka zama kasuwa mai zaman kanta, har ana yin irinsu a Birtaniya da Kanada da Ostireliya da sauran ƙasashe. Masu kallo da yawa ba nishaɗi kaɗai suke ɗauka daga gare su ba, da su suke auna kuɗin da za su kashe da lokacin da aiki zai ci, kuma wannan ne ya sa ya dace a san iyakar abin da za a gaskata a cikinsu.

Shin abin da ake nunawa ƙarya ne?

Akasarinsa ba ƙarya ba ne. Gidajen na gaske ne, mutanen da ake gani su ne masu su, kuma an yi aikin da ake nunawa. Abin da ake sauyawa shi ne yadda al'amura suka biyo juna, da tsawon lokacin da suka ɗauka, da kuma wanda ya biya kuɗin me. Mai shirya shirin yana da ƙasa da awa ɗaya, a ciki har da tallace-tallace, kuma dole ya fitar da labari mai farko da tsakiya da ƙarshe mai daɗi, alhali sayen gida a zahiri ya fi cika da jira da takardu da fasa ciniki.

Da gaske ne mai saye gidaje uku kawai yake dubawa ya zaɓi ɗaya?

Wannan tsari na shirin House Hunters na tashar HGTV ne, wanda aka fara nunawa a 1999, kuma shi ne aka fi sanin yadda ake haɗa shi. A 2012 wata mata da ta taɓa fitowa a shirin ta bayyana cewa ba a karɓe su ba sai da suka riga suka sayi gidansu, kuma sauran gidaje biyun da aka nuna suna dubawa na abokansu ne, ba ma na sayarwa ba ne. Tashar ba ta musanta ainihin zancen ba. Ta ce tana neman iyalan da suka yi nisa a cinikinsu saboda ƙarancin lokacin ɗaukar hoto, kuma akan koma da su gidajen da suka riga suka gani domin a sake ɗauka.

Dalilin hakan a bayyane yake ga duk wanda ya san harkar. Mai saye na iya duba gidaje da dama cikin watanni, ya taya gida wani ya fi shi tayi, ko banki ya hana shi lamuni, ko mai duba lafiyar gini ya gano aibin da zai sa ya janye. Ko bayan an daidaita a kan farashi, a Amurka akan ɗauki kwana 30 zuwa 45 kafin a kammala takardu idan da lamunin banki za a biya. Babu kamfanin da zai ajiye masu kyamara suna jiran cinikin da ba a san ko zai faɗa ba. Saboda haka zullumin da ake gani a fuskar ma'aurata yayin da suke muhawara a kan gida na ɗaya ko na uku, sau da yawa maimaici ne na shawarar da aka yanke tuntuni.

Me ya sa aikin gyara yake ƙarewa da sauri haka?

Saboda an ɓoye jiran, kuma an ninka hannayen. Kafin ranar farko ta ɗaukar hoto an riga an zana aikin, an nemi izinin gini daga hukuma, an yi odar ƙofofi da tagogi da kabad na kicin, waɗanda wani lokaci sai an jira su makonni kafin su iso. Mai gyaran gidansa da kansa shi zai zauna ya jira duk waɗannan, sannan ya jira ɗan kwangilar da ke riƙe da ayyuka uku ko huɗu a lokaci guda, ya jira mai lantarki ya gama kafin a rufe bango, ya jira jami'in hukuma ya zo ya duba kafin a ci gaba.

Shirin Extreme Makeover: Home Edition, wanda tashar ABC ta fara nunawa daga 2003 zuwa 2012, yana rushe gida ya gina sabo cikin kwana 7, kuma da gaske ake yin hakan, amma da ɗaruruwan magina da masu aikin sa-kai da ke karɓa-karɓa dare da rana. Shi kuwa Trading Spaces, da ya fara a 2000, a farkonsa kwana 2 yake ba maƙwabta da dala 1,000 su sauya ɗaki ɗaya, kuma abin da za a iya yi a wannan ɗan lokaci bai wuce fenti da labule da ƙananan aikin kafinta ba. Siminti da filasta da fenti kuwa kowanne yana da lokacin bushewarsa, kuma gaggawar mai shiri ba ta rage shi.

Kuɗin da ake rubutawa a allo fa, za a iya dogara da shi?

A ganina nan ne shirye-shiryen suka fi ɓatar da mutane, domin adadin da ake nunawa yakan zama gaskiya ga wannan gida kaɗai, a ƙarƙashin sharuɗɗan da mai kallo ba zai taɓa samu ba. Kamfanonin da ke yin tayil da famfo da firiji sukan bayar da kayansu kyauta ko da rangwame mai yawa saboda tallar da za su samu, 'yan kwangila sukan rage ladansu saboda sunan da za su yi, kuma aikin mai zane da mai tsara ado, wanda a waje yake da tsada, ba kasafai ake sa shi cikin lissafin ba. Akwai kuma bambancin wuri. Shirin Fixer Upper na Chip da Joanna Gaines, wanda aka yi daga 2013 zuwa 2018, a garin Waco na jihar Texas aka ɗauke shi, inda gidaje da ladan ma'aikata suke da sauƙi idan aka kwatanta da manyan birane kamar New York ko San Francisco.

Ban da wannan, akwai kuɗaɗen da ba su da kyan gani a kyamara, don haka ake tsallake su: kuɗin rufe ciniki, wanda a Amurka yakan kai kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, da kuɗin izini, da inshora, da harajin gida, da hayar wurin da iyali za su zauna yayin da ake aiki, da kuɗin kwashe ɓaraguzai. Wanda ya tsara kasafinsa bisa abin da ya gani a allo zai iya tarar da kuɗinsa ya ƙare alhali kicin bai da rufi.

Matsalar da ake ganowa a tsakiyar aiki, shiri ce ko gaskiya?

Matsalolin kansu su ne mafi gaskiyar abin da ke cikin shirin. Tsohon gida yana ɓoye ruɓaɓɓen katako, da gara, da tsofaffin wayoyin lantarki, da bututun da ke yoyo, da harsashin da ya tsage, kuma ba a ganin yawancinsu sai an fasa bango. Abin da ake tsarawa shi ne lokacin bayyana su, domin wani lokaci an san da su tun daga rahoton mai duba gini, sai a ajiye labarin zuwa daf da hutun talla.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna rushe bango kamar wasa, ana ba mai gida guduma yana dariya. Akwai bangon da ke ɗauke da nauyin bene ko rufi, wanda ba a taɓa shi sai injiniya ya lissafa ƙarfen da zai maye gurbinsa. Akwai kuma guba. Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidajen zama a 1978, kuma ƙurarsa tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2018 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta cimma yarjejeniya da kamfanin Magnolia Homes na masu Fixer Upper, bayan ta duba hotunan shirin ta ga ba a bi ƙa'idojin kariya daga dalma ba a gidaje 33, inda kamfanin ya biya tarar dala 40,000 kuma ya ɗauki nauyin aikin kawar da dalma a wasu gidajen garin Waco.

Kujeru da kayan adon da ake gani a ƙarshe na masu gidan ne?

Ba koyaushe ba. A Fixer Upper an san cewa kayan ado ne na ranar nuni, wanda yake so ya saya, wanda bai saya ba a kwashe. Kuma ɗakunan da ba a gyara ba, ba a kai kyamara cikinsu.

Me yake faruwa bayan masu kyamara sun tafi?

Da yawa suna zaune lafiya a gidajensu, amma ba kowa ba. Wasu iyalan da Extreme Makeover ya gina wa manyan gidaje sun kasa biyan harajin da ya ƙaru da kuɗin wuta da ɗumama ɗakuna, wasu sun ci bashi a kan gidan, har ta kai ga sayarwa ko banki ya ƙwace. Mafi yawan waɗanda suka ci gasar gidan kyauta da HGTV take yi kowace shekara tun 1997 ba sa zama a cikinsa, saboda dokar Amurka tana ɗaukar kyautar a matsayin kuɗin shiga da za a biya wa haraji. A 2016 kuma wasu ma'aurata a jihar North Carolina sun kai kamfanin da ke shirya Love It or List It kotu bisa zargin rashin ingancin aiki, kamfanin ya musanta, daga baya aka sasanta a wajen kotu.

Sayen tsohon gida a gyara a sayar, yana kawo riba kamar yadda ake nunawa?

Yana iya kawowa, amma lissafin da ake yi a ƙarshen shiri yakan cire kuɗin saye da na gyara kawai daga farashin sayarwa. La'adar dillalai, wadda a al'adar kasuwar Amurka take kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, da kuɗin ruwan bashi na watannin da gidan ya zauna, da harajin riba, duk suna cin rabonsu. Irin waɗannan shirye-shirye sun yi tashe a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da farashi yake hawa kullum, kuma da kasuwar gidaje ta rushe a 2008 mutane da yawa da suka shiga harkar da bashi sun rasa komai.

Akwai waɗanda suka fi kusa da gaskiya?

Akwai, kuma alamarsu ita ce ba sa jin kunyar jinkiri. This Old House, wanda ya fara a birnin Boston a 1979, yana bin gida ɗaya makonni da yawa, yana barin kafinta da mai aikin famfo su yi bayanin dalilin kowane mataki. Grand Designs na tashar Channel 4 a Birtaniya, wanda Kevin McCloud yake gabatarwa tun 1999, yana bin masu gini tsawon shekaru, kuma a cikinsa ana ganin kuɗi ya ƙare, an wuce wa'adi, iyali suna kwana a tirela cikin sanyi, wani gidan ma shirin ya ƙare ba a gama shi ba. Wanda yake shirin taɓa gidansa zai iya ɗaukar salon tsara ɗaki da haɗa launi daga kowane shiri, amma farashi da wa'adi sai ya nema a rubuce daga 'yan kwangila biyu ko uku da suka shiga gidan suka duba shi da idonsu, sannan ya ware ƙarin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari saboda abin da zai fito idan aka fasa bango.