Girman faifan bincike a ƙasa mai tarkacen ƙarfe

Faifan bincike shi ne ɓangaren na'urar gano ƙarfe da ke ƙarshen sandarta, wanda ake lilo da shi dab da ƙasa. A cikin kwanson robarsa akwai naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, kuma ta nan ne na'urar take aika saƙo cikin ƙasa, ta nan kuma take karɓar amsa. Da inci ake faɗin girmansa, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Yawancin na'urori suna fitowa daga kamfani da faifai mai inci 8 zuwa 11, wanda aka yi domin ya yi aiki daidai gwargwado a ko'ina. A fili mai tsabta wannan ya wadatar. Amma a inda ƙusoshi da murafan kwalba da guntayen gwangwani suka cika ƙasa, kamar kufan gidaje, tsofaffin wuraren shaƙatawa da filayen taro, girman faifai yana iya zama abin da ya raba mai samu da mai komawa hannu rabbana, ko da na'urarsu iri ɗaya ce.

Yadda faifan yake gani

Na'urorin da suka fi yawa a hannun masu sha'awar neman ƙarfe a ƙasa su ne na tsarin da ake kira VLF, waɗanda saƙon da suke aikawa galibi yake jujjuyawa sau dubu 3 zuwa dubu 30 a daƙiƙa ɗaya, wato kilohaz 3 zuwa 30. Faifansu yana da naɗi biyu: mai aikawa da mai karɓa. Mai aikawa yana haifar da filin maganaɗisu mai jujjuyawa, filin ya ratsa ƙasa, idan ya ci karo da ƙarfe sai ya tayar da 'yar wutar lantarki mai kewayawa a jikinsa. Ita kuma wannan wutar ta haifar da nata filin, wanda naɗi mai karɓa yake ji. Daga ɗan jinkirin da ke tsakanin saƙon da ya tafi da wanda ya dawo ne na'urar take hasashen irin ƙarfen, ta nuna lamba a allo ko ta yi ƙara mai wani amo.

Ƙarfin filin yana raguwa da sauri ƙwarai. Da zarar nisa ya zarce faɗin faifan, ninka nisan sau biyu yana rage ƙarfin filin kusan sau takwas a tafiya, sannan amsar ma ta ragu sau takwas a dawowa, jimla kusan sau 64. Shi ya sa ƙara wa na'ura wuta ba ya ƙara zurfi sosai, amma faɗaɗa faifai yana ƙarawa. Masu harkar suna da wani ƙiyasi na baki: abu mai girman tsabar kuɗi, a ƙasa marar matsala, ana iya jin sa a zurfin da ya yi kusa da faɗin faifan. Ƙiyasi ne kawai, ma'adinan ƙasa da irin na'ura suna canza shi.

Rufewa

Wanda ya tsaya a kan lissafin zurfi zai ce babban faifai ya fi, shi ke nan. Inda lissafin yake rushewa shi ne, faifai ba ya ganin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙarfen da ke ƙarƙashinsa a lokaci guda yana ba da amsa, amsoshin su gauraye su zama saƙo guda, na'urar kuma ta yanke hukunci a kan gaurayen. Idan tsabar azurfa tana kwance inci uku daga tsohuwar ƙusa, babban faifai zai ɗauko su tare. Sakamakon iri uku ne. Ko dai amsar ƙusar ta rinjayi ta azurfar, na'urar ta ce baƙin ƙarfe ne. Ko lambar da ke allo ta sauko ta tsaya a tsakiya, tsakanin ta azurfa da ta baƙin ƙarfe, inda tarkacen alminiyam ke fitowa, mai bincike ya wuce. Ko kuma, idan an saita na'urar ta yi watsi da baƙin ƙarfe, ta yi gum gaba ɗaya, kamar babu komai a wurin. Wannan na ƙarshe ya fi muni, domin mai bincike ba ya ma sanin an ɓoye masa wani abu.

Matsalar ta girmi na'urorin zamani. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi amfani da wata na'ura mai irin wannan tsari domin neman harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield, bai same shi ba, kuma wayoyin ƙarfen da ke cikin katifar gadon suna cikin abubuwan da suka rikita na'urar.

Tarkacen da ya fi kusa da sama ya fi ɓarna, saboda wancan lissafin na raguwar ƙarfi. Guntun ƙarfe a zurfin inci biyu yana iya danne tsabar kuɗin da ke inci bakwai, ko da tsabar ta fi shi girma. Abin takaicin shi ne haka ƙasar da mutane suka daɗe a kanta take: tsofaffin abubuwa a ƙasa, sharar baya-bayan nan a samansu.

Ƙaramin faifai ba ya ƙara wa na'ura basira. Abin da yake yi shi ne rage yawan ƙasar da take kallo a lokaci guda. Da'ira mai inci 6 ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na filin da'ira mai inci 11 ba, don haka inda babban faifai yake ɗauke da abu uku ko huɗu a ƙarƙashinsa, ƙaramin yakan samu damar tsayawa a kan ɗaya. Kamar mai tsince tsakuwa ne a cikin hatsi: da 'yan yatsu ake yi, ba da tafin hannu ba.

Ire-iren tarkace

Ba kowane tarkace ne yake buƙatar magani iri ɗaya ba. Baƙin ƙarfe, wato ƙusoshi, guntayen waya da ɓaraguzan kayan aiki, shi ne wanda ƙaramin faifai ya fi taimakawa a kansa, domin na'ura tana iya bambance shi idan ta same shi shi kaɗai. Alminiyam labarinsa daban. Mabuɗin gwangwani mai cirewa, wanda Ermal Fraze ya ƙirƙiro kuma ya bazu a shekarun 1960, an yi ta zubar da shi a ƙasa har zuwa lokacin da irin wanda yake maƙale a jikin gwangwani ya maye gurbinsa daga tsakiyar shekarun 1970. Amsar da yake bayarwa tana faɗawa a layi ɗaya da ta zoben zinari, kuma babu girman faifan da zai raba su da tabbaci. Ƙaramin faifai zai nuna wa mutum inda kowanne yake, amma tona ita ce kaɗai za ta faɗa masa wanne ne. Sai murfin kwalba mai haƙora, wanda William Painter ya yi wa rajista a 1892. Na baƙin ƙarfe ne, amma da yake zagayayye ne kuma shimfiɗaɗɗe, yakan yi amo irin na tsabar kuɗi.

Girman da ake samu

Faifai mai inci 4 zuwa 6 shi ne na wurin da tarkace ya yi katutu, inda ba a lilo ɗaya ba tare da ƙara biyu ko uku ba. Kamfanin Garrett yana da mai inci 4.5 da ya kira Super Sniper, Minelab kuma yana da mai inci 6 na na'urar Equinox, wadda faifanta na asali inci 11 ne. Irin waɗannan suna shiga tsakanin saiwoyi da duwatsu, suna matsawa kusa da shingen waya ko ƙafar benci ba tare da ƙarfen ya cika musu kunne ba, kuma sun fi jin ƙananan abubuwa kamar ɗan kunne ko siririyar sarƙa. Ba su da nauyi, ba sa kwasar hayaniyar wayoyin lantarki kamar manya, kuma ma'adinan ƙasa ba sa damun su sosai.

Akwai kuma masu siffar ƙwai, kamar inci 5 a faɗi 8 a tsawo. Waɗannan sulhu ne mai kyau: tsawon yana rufe ƙasa a kowane lilo, sirantakar kuma tana raba abubuwan da ke gefe da gefe. Ga wanda faifai ɗaya tak zai ƙara a kan na asali, irin wannan ko mai inci 6 ya fi dacewa.

Manya, daga inci 13 zuwa sama, na gonaki ne da bakin teku da sauran wurare masu faɗi inda ƙarfe yake jefi-jefi. A cikin tarkace ba su da wani amfani.

Siffar naɗi

Girma ba shi kaɗai ba ne. A faifai mai naɗi cikin naɗi, inda ƙaramar da'ira take tsakiyar babba, yankin da yake ji yana tsukewa ne yayin da yake nitsewa, kamar mazurari. Yana da sauƙin nuna ainihin inda abu yake, kuma ya fi gane murfin kwalba. A faifan DD kuwa, naɗi biyu ne masu siffar harafin D suka ɗan hau kan juna, yankin da ya fi ji kuma siririn layi ne da ya tashi daga goshin faifan zuwa ƙeyarsa. Wannan layin yana raba abubuwan da ke hagu da dama da kyau, yana kuma jure ƙasa mai ma'adinai, sai dai murafan kwalba sun fi yaudarar sa. Saboda layin yana da tsawo, abu biyu da suka jeru a kansa, ɗaya gaba ɗaya baya, za su gauraye duk da haka. Shi ya sa ƙwararru suke zagayawa su sake bin wurin ta wata fuskar: abin da ya ɓuya daga gabas zuwa yamma yakan bayyana daga kudu zuwa arewa.

Na'urorin tsarin PI, masu aika wuta a tsittsinke, sun yi fice a ƙasa mai ma'adinai da yashi mai gishiri, amma ba su iya bambance ƙarfe sosai ba. Sa musu ƙaramin faifai ba zai mai da su na'urar tarkace ba.

Abin da ake rasawa

Ƙaramin faifai yana cin lokaci. Mai inci 6 yana buƙatar kusan ninki biyu na kai-komon mai inci 11 kafin ya rufe fili ɗaya, kuma dole kowane lilo ya hau kan na baya, in ba haka ba a bar ramuka a tsakani. Zurfinsa ma bai kai ba, musamman a kan manyan abubuwa. Sai dai a ƙasa mai tarkace wannan rashin bai kai yadda ake zato ba, tunda zurfin da babban faifai yake da shi a takarda tarkacen sama ya riga ya cinye shi.

Sannan faifai yana aiki ne tare da saurin farfaɗowar na'ura, wato lokacin da take ɗauka ta gama da saƙo ɗaya ta shirya wa na gaba. Na'ura mai jinkiri za ta haɗa abu biyu ko da faifan ya raba su, idan aka yi lilo da sauri. Na'urorin zamani da yawa suna ba da damar ƙara wannan sauri, amma ƙara shi yana ɗan rage zurfi. Rage saitin watsi da baƙin ƙarfe, domin a riƙa jin ƙusoshin da ƙaramin amo maimakon shiru, shi ma yana taimakawa, ko da yake kunne yana gajiya.

Gwaji mai sauƙi yana nuna iyakar kowane faifai. A nemi wurin da babu ƙarfe, a ajiye tsabar kuɗi da ƙusa a ƙasa da tazarar inci shida, a yi lilo a kansu, a riƙa matso da ƙusar inci-inci har amon tsabar ya lalace. Sai a juya ƙusar ta kwanta a gicciye a maimaita, sannan a ɗora ta a kan guntun katako domin ta fi tsabar kusa da faifan, yadda take kasancewa a cikin ƙasa. Tazarar da amon ya lalace a kowane faifai ita ce ma'aunin da za a kwatanta.

A aikace, masu bincike da yawa suna fara bin sabon wuri da faifan asali domin su gane inda tarkace ya taru da inda ya yi sauƙi. Sai su koma wuraren da suka fi cunkushewa da ƙaramin faifai, su raba su ƙananan murabba'ai, su kwashe tarkacen sama. Bayan an kwashe, sai a dawo da faifan asali a sake bin wurin domin abin da ke can ƙasa.